Na haddace darasin ginin jiki kaf amma na faɗi gwaji, kuma Baba bai sani ba

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a shekarar farko a wata kwalejin koyon aikin jinya, shekarata 19. Darasin sanin ginin jikin ɗan Adam yana neman ya raba ni da makaranta. A gwajin da aka yi mana kan matakan ginin jiki da ire-iren tishu na ci 31 cikin 100. Wallahi ba wasa nake yi ba, sai ƙarfe biyu na dare nake kwanciya, shafukan nan na haddace su kaf, amma da malam ya juya tambaya sai kaina ya ɗaure. Saura mako 6 a yi jarrabawar da ake tace ɗalibai. Mahaifina sa ya sayar ya biya mini kuɗin makaranta, da ya tambaye ni sakamako na ce masa ba a fitar ba. Ina tunanin in haƙura in koma gida tun kafin a kore ni. Me kika gani?

'Yarki daga Gusau

Wa alaikis salam 'yata. Kada ki ɗaure kayanki tukuna. Yarinyar da ke iya zama har ƙarfe biyu na dare a kan littafi ba raguwa ba ce, kuma wadda ta haddace shafi bayan shafi cikin harshen da ba na uwarta ba, ba za a ce mata daƙiƙiya ba. Abin da na gani a wasiƙarki shi ne kin ɗauko makamin da ya yi miki aiki tun kina ƙarama, wato hadda, kin kawo shi inda ba shi kaɗai ake buƙata ba. Hadda tana da daraja a wurinta, domin akwai karatun da lafazinsa ake tsarewa, ba a canza ko wasali ɗaya. Shi kuwa wannan darasi, malaminku ba lafazi yake nema ba. So yake ya ga ko jikin ya zauna miki a ido, shi ya sa yake juya tambaya. Wanda ya ga abu, ta ko'ina aka ɓullo masa zai gane shi.

To bari mu gan shi tare.

Matakan nan shida da kike ta maimaitawa, ki tuna da ginin gidan ƙasa a ƙauyenku. Da farko akwai jar ƙasa da ruwa da ciyawa, su ne matakin sinadarai. Kusan kashi 96 cikin 100 na nauyin jikinki abu huɗu ne kacal: oksijin, kabon, haidurojin da naiturojin, su ne suke haɗuwa su ba da ruwa da furotin da maiƙo da sauransu. Aka kwaɓa ƙasar aka yi tubali, shi ne ƙwayar halitta. Babban mutum yana ɗauke da kimanin tiriliyan 30, iri-iri har wajen 200. Aka jera tubala masu kama da juna suka zama bango, wannan shi ne tishu. Bango da daɓe da rufi suka haɗu suka ba da ɗaki mai aikinsa, wato gaɓa, kamar zuciya ko ƙoda. Ɗakuna suka haɗu suka zama sashe, shi ne tsari, kamar tsarin narkar da abinci, kuma yawancin littattafai 11 suke ƙirgawa. Sassa suka haɗu, ga gida, ga mutum. Sai dai ki riƙe inda misalin ya gaza: tubali ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya haihuwa. Ƙwayar halitta tana yin duka ukun, ita ce mafi ƙanƙantar abin da za a nuna a ce yana da rai. Idan aka tambaye ki wane mataki ne rai ya fara bayyana, amsar ke nan.

Amma misalin gida jeri kawai zai ba ki. Abin da zai sa ki fahimci dalilin da ya sa ake koya muku wannan jeri tun ranar farko shi ne ciwon da kika sani a unguwarku, sikila. A Najeriya kimanin mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da AS, don haka da wuya a ce ba ki taɓa ganin yaro mai SS ba. Ki bi shi daga ƙasa zuwa sama. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai furotin mai ɗaukar oksijin, himogulobin. Ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa tana da ɗiya 146 a jere kamar carbi, kuma a mai sikila ɗiya ta 6 ce kawai aka musanya da wata. Ɗiya ɗaya tak. Wannan matakin sinadari ne. Saboda wannan musanya, idan oksijin ya yi ƙasa sai furotin ɗin ya manne wa juna ya yi sanduna, ƙwayar da ya kamata ta zama kamar faifai mai laushi ta lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri. Mun hau matakin ƙwaya. Lafiyayyar ƙwaya tana kwana 120 tana aiki, mai lauje kuwa 10 zuwa 20 take yi ta fashe, sai jini ya yi ƙaranci, kuma jini tishu ne. Masu laujen nan su toshe ƙananan hanyoyin jini a ƙashi da saifa da ƙoda, ga gaɓoɓi sun taɓu. Saifa ta lalace tun yaro yana ƙarami, tsarin garkuwar jiki ya raunana, zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓi. A ƙarshe ga yaro a gadon asibiti, ido ya yi ɗorawa, yana kukan ciwon ƙashi, uwarsa tana yi masa fifita. Daga ɗiyar carbi ɗaya zuwa wannan gado, matakai shida ne cif. Ranar da kika fara aiki a ɗakin yara, abin da za ki riƙa karantawa ke nan a jikin kowane majinyaci, shi ya sa nake jin zafi idan na ga ana koyar da wannan babi kamar jerin sunaye.

Yanzu tishu, inda na tabbata a nan makinki ya zube.

Kalmar daga Faransanci ta zo, ma'anarta saƙa. Wanda ya kafa ilimin, wani likita ne Bafaranshe mai suna Xavier Bichat, ya rasu a 1802 yana ɗan shekara 30. Ya rarrabe tishu iri 21, kuma bai dogara da madubin ƙara girma ba. Da wuƙa da ido ya yi aikinsa, yana yankawa, yana jiƙawa, yana dafawa, yana busarwa, yana duba wanne ya yi kama da wanne. Daga baya masana suka tattara su zuwa manyan gidaje huɗu. Na kawo miki shi ne don ki san abin da ya gani ke ma za ki iya ganinsa, kuma kin ma sha ganinsa, duk Babbar Sallah, a tsakar gidanku.

Ki tuna lokacin da ake fiɗar ragon layya. An janye fata, ga wani farin abu kamar yanar gizo-gizo yana tsinkewa tsakanin fata da nama. Ga kitse. Ga jan nama, wani lokaci yana ɗan motsi shi kaɗai bayan rago ya riga ya mutu, domin rago ya mutu amma ƙwayoyin tsokarsa ba su gama mutuwa ba tukuna. An buɗe ciki, ga hanji yana sheƙi, santsi kamar an shafa masa mai. An fasa ƙashin baya, ga laka fara sol, mai taushi kamar ɓargo. A cikin wannan tire ɗaya kin ga gidajen nan huɗu duka.

Na farko shi ne mai rufi da shimfiɗa, wanda littafinki ya kira efitiliyam. Duk inda jiki ya haɗu da waje ko ya yi rami a ciki, shi ne a shimfiɗe: saman fata, cikin baki, cikin hanji, cikin mafitsara, cikin hanyoyin jini. Ƙwayoyinsa a matse suke kamar daɓe, kuma babu jijiyar jini a cikinsa, daga ƙasa yake samun abinci. Shi ya sa idan ƙaya ta ɗan karce ki sama-sama sai ki ga farin layi ba jini. Sunayensa da suke ruɗa ki, tambaya biyu ce kawai ta haife su: hawa nawa ne, kuma ƙwayar wace siffa ce. Kafin ki haddace amsar, ki tambayi wurin me yake buƙata. A ƙananan jakunkunan huhu iska ce za ta ratsa zuwa jini, to dole bango ya zama hawa ɗaya, shimfiɗaɗɗe, siriri iyakar sirantaka. A fata da baki da maƙoshi ana gogayya, ƙashin kifi da tuwo mai zafi suna wucewa, to dole hawa da yawa, na sama ya goge na ƙasa ya taso. A hanji tsotsar abinci ake yi, sai dogayen ƙwayoyi tsaye kamar turaku, kuma saboda wahalar da suke sha ana sabunta su cikin kwana 3 zuwa 5. A maƙogwaro akwai masu ƙananan gashi da ke share majina da ƙura zuwa sama, su ne suke aiki ba hutu lokacin hunturu. A mafitsara akwai mai miƙewa idan ta cika, ya tattare idan an yi fitsari. Idan kin san aikin wurin, siffar za ta zo da kanta, ko malam ya juya tambayar sau goma. Ki ƙara da cewa glandodi masu fitar da gumi da yawu da nono daga wannan gida suke, kuma mafi yawan ciwon daji, har da na mama da na bakin mahaifa, a nan yake farawa.

Na biyu shi ne mai haɗawa da tallafi, kuma shi ne ɗalibai suka fi tuntuɓe da shi, domin an zuba ƙashi da jini da kitse da guringuntsi da agara a gida ɗaya. Me ya haɗa ƙashi da jini? Abin da ya haɗa su shi ne, a cikinsu duka ƙwayoyin a warwatse suke, kuma abin da ke tsakaninsu shi ne ke yanke halin tishun. Kamar wake ne a cikin girki: idan a romo yake zai gudana, idan a alala yake zai tsaya. A jini abin da ke tsakani ruwa ne, kimanin kashi 55 cikin 100 na jinin. A guringuntsi abu ne mai danƙo, ki taɓa kunnenki ki ji. A ƙashi kalsiyam ne da fosfet suka daskare a kan zare. A agara zare ne zalla a jere kamar igiyar guga. Kitse ne ya ɗan bambanta, don shi ƙwayoyinsa cike suke da mai har sun matsi juna. Zaren nan sunansa kolajin, shi ne furotin mafi yawa a jikin mutum, kuma kin san shi sarai. Idan aka dafa ƙafar saniya ko ganda aka bar romon ya kwana, da safe ki tarar ya daskare yana rawa, kolajin ne ya narke. Majema ma shi suke nema: idan suka jeme fatar akuya, gashi da hawan sama suna tafiya, abin da ya rage ya zama kirgin da dukawa ke ɗinka jaka da shi, shi ne hawan ƙasa na fata, tishu mai haɗawa. Kin ga ke nan fata ba tishu ɗaya ba ce, gaɓa ce, kuma ita ce mafi girma a jiki. Wannan tambaya ce da malamai ke so ƙwarai. Ki kuma riƙe cewa guringuntsi ba shi da hanyar jini, shi ya sa ƙashi da ya karye yake ɗorewa cikin makonni amma gwiwar da guringuntsinta ya cinye take addabar tsoho shekara da shekaru.

Na uku ita ce tsoka, ba za ta ba ki wahala ba, iri uku ce. Wadda ke manne da ƙashi, mai bin umarninki, ita ce jan naman da ake tsire da shi. Ta zuciya, a zuciya kaɗai take, ƙwayoyinta masu rassa ne kuma a sarƙe da juna don su matsa lokaci guda, tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya ba tare da ta nemi izininki ba. Sai mai santsi, a bangon hanji da hanyoyin jini da mafitsara da mahaifa. Naƙuda aikinta ne, shi ya sa ba macen da ke iya cewa bari in dakatar da ita sai gobe.

Na huɗu sai na ja hankalinki, domin harshenmu yana iya ruɗa ki a nan. Mu da Hausa jijiya muke cewa ga abu uku: wadda jini ke bi, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda ke kai saƙo. A jarrabawa ukun nan ba gida ɗaya suke ba. Ta jini gaɓa ce mai tishu da yawa a bangonta. Mai ɗaure tsoka da ƙashi ita ce agara, tishu mai haɗawa. Mai kai saƙo ita ce ta gida na huɗu, tare da ƙwaƙwalwa da laka. Idan kika buge gwiwar hannu kika ji kamar lantarki ya tsarga har ƙaramin yatsa, ita kika taɓa. Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86, ga kuma wasu ƙwayoyin da ke ciyar da su suna kare su. Ƙwayar saƙo idan ta mutu a laka, galibi ba a mayar da ita. Abin da shan inna ke yi ke nan: ƙwayar cutar tana kashe masu kai umarni zuwa tsoka, tsokar ƙafa ta daina samun saƙo, ta shanye, alhali ba ita cutar ta fara kamawa ba. Kuma saboda babbar jijiyar saƙo da ta ratsa ɗuwawu ta sauka ƙafa ne za a koya miki yin allura a ɓangaren sama na waje, ba ko'ina hannu ya faɗa ba. Wata rana ƙafar ɗan wani za ta dogara da ko kin fahimci wannan shafi.

Ga abin da nake so ki yi da makonni shidan nan. Ranar Asabar ki je wurin mahauci da ƙawarki ɗaya ko biyu, ku haɗa kuɗi ku sayi maƙogwaro da ɗan huhu, zuciya, ɗan hanji da ƙafa ɗaya. Ku shimfiɗa a tire, ku buɗe littafi a gefe. Ku tsaga maƙogwaron ku taɓa zobban guringuntsi, ku shafa santsin cikinsa. Ku yanka zuciya ku kwatanta namanta da na cinya. Ku ja agarar ƙafa ku ga kofato ya motsa. Kowane abu kuka taɓa, ku faɗi gidansa da dalili. Ki dai tuna tumbin rago ɗaki huɗu ne, na mutum ɗaya, don haka kada ki ɗauki siffarsa, tishun kawai za ki duba. Idan kwalejinku tana da madubin ƙara girma, ki roƙi mai kula da ɗakin gwaji ya bari ki kankaro cikin kumatunki a ɗiga masa shuɗin rini. Za ki ga ƙwayoyinki na kanki, shimfiɗaɗɗu, kowace da ɗigo a tsakiya. Gani ya kori ji.

Bayan haka kowace rana ki rufe littafi ki zana abin da kika karanta, ko zanen bai yi kyau ba, sannan ki bayyana wa wata da Hausa. Inda bakinki ya tsaya, nan ne ba ki gane ba, nan za ki koma. Sunayen Turanci kuma ki daina haɗiye su ɗungurungum. Yawancinsu gutsattsarin Girkanci ne da Latin aka harhaɗa: ostiyo ƙashi, kondiro guringuntsi, mayo tsoka, niyuro jijiyar saƙo, sait ƙwaya. Da kin ga ostiyosait kin san ƙwayar ƙashi ce tun kafin a gaya miki. A nan ne haddarki za ta yi miki rana, wajen riƙe waɗannan gutsattsari da yadda littafi ya rubuta su harafi da harafi. Ki nemi tsofaffin tambayoyi wurin 'yan aji na gaba ki amsa su da agogo a gabanki. Ki kai wa malam takardar da kika ci 31 ɗin, ki ce ya nuna miki inda kika kauce. Kunya ce ta minti biyar. Kuma ki daina kaiwa ƙarfe biyu. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka koya da rana, don haka ki kwanta da wuri, ki yi karatunki mai nauyi bayan sallar asuba.

Saura maganar Baba, kuma ita ta fi damuna. Kin ce masa sakamako bai fito ba. Na fahimci abin da ya sa, tausayinsa ne da nauyin san nan. Amma ki lura, tun ranar da kika faɗi haka kaya biyu kike ɗauke da su, na karatu da na ɓoyo, kuma ina zargin na biyun ne yake raɗa miki ki gudu gida. Idan kika tafi yanzu, san ya tafi, makarantar ta tafi, ga kuma maganar da za ta fito ko ba daɗe. Idan kika tsaya, abu mafi muni shi ne ki faɗi bayan kin yi iyakar ƙoƙarinki, wannan kuwa uba yana iya ɗaukarsa. Ki kira shi cikin makon nan. Idan bakinki ba zai iya ba, ki fara da Mama ta share miki hanya, amma ya ji daga gare ki. Ki ce, Baba, ka yafe mini, sakamako ya fito tun tuni, ban ci ba, tsoro ne ya hana ni faɗa, ga abin da na gano ina yi ba daidai ba, ga abin da zan yi kafin babbar jarrabawa, ina neman addu'arka. Mai yiwuwa ya yi shiru, mai yiwuwa ya yi faɗa. Ki saurara har ya gama. Mutumin da ya kai sansa kasuwa don 'yarsa ta zama ma'aikaciyar jinya ya riga ya nuna inda zuciyarsa take.

Ki rubuto mini bayan Asabar ki gaya mini abin da kuka gani a tiren, da yadda kuka yi da Baba. Allah Ya buɗe miki fahimta, Ya ba ki sa'a.